Dogo Wurinsa Gindin Kwando

Tsawona ƙafa biyar ne da inci biyu, shi ma sai na sa takalmin zuwa coci. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da ya kwashe shekara shida yana koya wa dogo yadda ake zama dogo.

Mang Densyo ake ce mini. Sana'ata tuƙa babur mai ƙafa uku, in kwaso mata daga bakin titi in kai su kasuwa, in dawo da su da kajinsu. Amma a wancan lokacin in ka tambaye ni me nake yi, ce maka zan yi ni kocin ƙwallon kwando ne, baburin kuwa don motsa jini. Ba wanda ya naɗa ni. Mai horar da yaran ƙauyenmu ne ya tafi ci-rani ƙasar Larabawa, ya manta usur ɗinsa a rataye a shagon askin Ambo, ni kuma na riga kowa miƙa hannu.

Filinmu shi ne simintin da ake shanya shinkafa. Da kaka na manoma ne har la'asar. In sun kwashe sai mu share ƙaiƙayi mu kafa wasa, rabin 'yan wasan da silifa, rabin ƙafa ba komai. A nan na fara lura da Arnel.

Ba wai ban san shi ba. Ni na riƙe shi ranar baftisma yana tsala ihu, shi ya sa yake ce mini Ninong, wato uban baftisma. Uwarsa, Aling Luming, Pare take ce mini, ni in ce mata Mare, kiran zumunci ne a wurinmu. Ubansa ɗan dako ne a injin casar shinkafa, buhu ya cinye masa baya, ya kwanta wata biyar ya tafi, yaron yana shekara tara. Daga nan sai ka ce tsawon da uban bai samu ba ne aka tara wa ɗan. Yana sha biyu ya wuce ni, wanda ba abin alfahari ba ne. Yana sha uku ya wuce Fadan cocinmu. Luming ta yi ta sake masa ƙafar wando har yadi ya ƙare, yara kuma suka sa masa Falwaya.

A shekarar da ya wuce ni ɗin, wata rana da yamma ba a gama kwashe shanya ba, na iske shi tsaye can bakin kwata, inda siminti ya ƙare, da ƙwallo a hannu. Shinkafa ta rufe gindin kwando, ba halin matsowa. Sai ya ɗaga hannu ya sake ta daga nan. Ta tashi a hankali tana juyi, ta faɗa ba ta ko gaisa da ƙarfen ba. Ta dira cikin shinkafa, wata tsohuwa ta zage shi ta jefo masa. Ya sake, ta sake shiga. Ina tsaye ina ƙirgawa, bakwai a jere, har tsohuwar ta daina zagi ta koma kallo.

Mai hankali in ya ga haka sai ya gode wa Allah ya koma gefe. Ni kuwa na busa usur.

"Kai, Falwaya, zo nan. Wa ya ce ka yi jifa daga can?"

"Shinkafa ce ta tare wurin, Ninong."

"To ka jira a kwashe. Dogo wurinsa gindin kwando. Allah bai ba ka wannan tsawon don ka tsaya a nesa kana jifa kamar mai korar tsuntsu a gona ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Ninong."

Yau da ba ni da sauran abin ɓoyewa, bari in faɗi gaskiya. Haushi na ji. Ni ma na buga ƙwallo a zamanina, kuma jifan nesa shi kaɗai aka bar wa irinmu gajeru. Shekara ashirin ina fama, ban taɓa zuba uku a jere ba. Ga yaro an ba shi tsawo, an kuma haɗa masa da hannu. To mu me ya rage mana? Amma a lokacin ban kira shi haushi ba, ilimi na kira shi.

Wanda bai yarda da ilimin nawa ba shi ne Ambo mai aski. Shi ke da talabijin a shago, kullum da safe yana kallon wasan Amurkawa, almakashi na tafiya ido na wani wuri, shi ya sa askin rabin mazan ƙauyen ya karkace.

"Pare," in ji shi, bayan ya lafta mini kumfa a fuska, "duniyar nan fa ta wuce inda ka bar ta. Yanzu ƙato mai ƙafa bakwai ke tsayawa bayan layi ya zuba maki uku. Mai tsaronsa dole ya biyo shi waje, gindin kwando ya zama fili, ƙanana su shige su yi yadda suke so. Ƙungiyar da dogonta bai iya jifa ba, da mutum huɗu take kai hari."

"Can Amurka ke nan. In dogo ya fita yawo, wa zai kwaso wadda ta kuskure? Kai?"

"Ai ba ta kuskurewa a hannun yaron nan. Na gani da idona."

"Wane idon? Kai da ba ka ganin kan da kake askewa."

"Kuma bari in gaya maka, Falwaya a nan ne kawai dogo."

"Ka taɓa ganin wanda ya fi shi?"

"A talabijin."

"A talabijin ai ni ma na ga kare yana magana."

Shago ya kwashe da dariya, na ci nasara. Ambo ya ɗora mini reza a maƙogwaro ya ce in daina motsi, muka bar maganar a nan. Shekara shida muna wannan musun, duk sati biyu, kuma kullum ni ke ci, domin na fi shi baki.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na kuwa tanƙwara. Doka ɗaya ce: duk ranar da Arnel ya yi jifa daga bayan layi, zai saɓa rabin buhun shinkafa ya zagaya fili sau goma. Da farko yakan manta. In ƙwallo ta same shi a waje ba kowa kusa, hannun da kansa yake tashi. Ta shiga, yara su yi sowa, ni in nuna masa buhu. Wata rana ya ce, "Ninong, ai ta shiga." Na ce, "Sha biyar."

Luming ta taɓa wucewa ta gan shi yana zagayen, ta tsaya cak da kwanonta a kai.

"Pare, buhu kuma?"

"Horo ne, Mare. Haka ake yi a manyan ƙasashe."

Ban taɓa zuwa ko ƙaramar ƙasa ba, amma ta yarda, ta wuce tana waige.

Da ya daina mantawa sai na ƙirƙiro wata dabara, wadda na riƙa ba da labarinta a tasha kamar wanda ya ƙera jirgin sama. A tsakiyar wasa, in na ga ƙwallo ta same shi a waje, sai in kwatsa ihu, "Cilla!" In ya cilla, ya faɗa tarko, buhu na jiransa. In ya daure ya kutsa ciki, in saya masa ruwan ƙanƙara a leda. Nakan canza murya, yau kamar ina roƙo, gobe kamar zan yi kuka. Na ce masa ɗan wasa na gari ba ya bin hayaniyar bakin fili, ko da ta kocinsa ce.

Sau ɗaya ne ba tarko ba. Muna wasa da 'yan hayin kogi, suna gaba da maki biyu, lokaci ya kusa cika, ƙwallo na hannunsa can nesa. Na yi ihu na rantse masa da Allah babu buhu. Ya cilla, ta shiga, muka ci, mata suka bar tallarsu suka shigo fili suna rawa. Washegari na tashi na ga kamar mutane sun fara kallon Ambo da mutunci, sai na sa Arnel zagaye ashirin, don kada ya saba. Daga ranar ya ƙware. In na yi ihun sai ya waiwayo ya yi mini murmushi, ya girgiza kai, ya sa kafaɗa ya nufi kwando.

Kuma abin takaicin, dabarar ta yi aiki. Gasar ƙauyuka ta lokacin zafi, sau uku a jere muna ɗauka. Me zai hana? Dogon da ya fi kowa a ƙauyukan maƙwabta iyakarsa haɓar Arnel. Mu dai a wurga sama, shi ya miƙa hannu ya ɗauka ya ajiye a kwando kamar mai mayar da kwano kan kanta. Kofunan a falona suke, ba a gidan Luming ba, kuma ba wanda ya ga laifin hakan, balle ni.

Yana sha takwas, tsawonsa ƙafa shida da inci ɗaya, wani ya ɗauki wasan ƙarshe a waya, hoton ya yi ta yawo har ya kai wata kwaleji a Manila. Suka aiko ya zo gwaji. Wanda aka ɗauka, karatun shekara huɗu kyauta, da ɗaki, da abinci sau uku. Abincin ne ya fi sa Luming kuka, don ita ta san abin da yaron ke ci.

Ta same ni a tasha ina wanke babur.

"Pare, ni ban san ƙwallo ba. Abin da na sani, mai injin casa ya tare ni sau biyu yana tambaya yaushe yaron zai fara dako. In ya dawo ba a ɗauke shi ba, can za shi, ba ni da wata hanya. Na riga na binne ɗaya saboda buhu."

"Mare, kwantar da hankalinki. Ni na gina yaron nan da hannuna."

"Shi ya sa na zo wurinka."

Saura wata guda a lokacin. Ambo ya biyo ni har gida, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ba musu ya kawo shi ba.

"Ka bar shi ya yi jifa ɗari biyu kullum kafin ku tafi. Ba zai rage masa tsawo ba."

Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in yana sha'awar zama koci ya nemi nasa usur ɗin. Watan nan kaf a gindin kwando muka ƙarar da shi, ina tokare bayan Arnel da tsohuwar katifa yana ture ni, ina faɗuwa ina tashi ina cewa madalla.

Ranar tafiya muka kama motar farko daga garin Cabanatuan. Luming ta naɗe mana shinkafa da adobo, wato kazar da aka dafa da ruwan tsami, a ganyen ayaba. Ni kuma na sa sabuwar riga ja da matata ta ɗinka mini saboda ranar, an rubuta KOCI a bayanta da farin yadi, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ita ƙanana ta so yi, ni na ce ta ƙara, don 'yan birni su iya karantawa daga nesa. Tafiyar awa huɗu, Arnel gwiwoyinsa a haɓa, ni ina yi masa lacca kan yadda zai sa 'ya'yan masu kuɗi kuka.

Muna shiga ɗakin wasan na ga ƙasa ta katako tana ƙyalli, har na sunkuya zan cire takalmi. Sannan na ɗaga kai. Ashe kifin rijiya ne ni. Samari talatin ke ɗumama jiki, kuma akwai waɗanda ni iyakata ƙirjinsu. Aka ce su jeru bisa tsawo. Arnel, wanda bai taɓa sanin wani wuri ba sai ƙarshen layi, ya taka zuwa ƙarshen layi. Aka matsar da shi. Aka sake matsar da shi. Sai da mutum goma sha ɗaya suka shiga bayansa. Ranar na fara ganin yaron ya ɗaga kai don kallon fuskar mutum.

Mai gwajin, Koci Sarmiento, wani siriri ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, ko usur bai rataya ba. Ya tsaya gaban Arnel da takarda a hannu.

"Ina kake tsayawa?"

"Gindin kwando, yallaɓai."

"A garinku." Bai yi dariya ba. "Nan da tsawonka gefe za ka tsaya. Ka buɗe fili, in ta same ka ba kowa, ka jefa."

Arnel ya waiwayo inda nake zaune cikin 'yan kallo. Na ɗaga masa babban yatsa, don ban san me zan ɗaga ba.

Aka raba su biyar-biyar aka fara. Bai yi minti ɗaya a gefe ba ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Ya yi karo da dogon ƙungiyarsu, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ƙaton ya ce, "Ɗan'uwa, nan gidana ne, koma naka." Ƙwallo ta zo masa, ya juya yadda na koya masa, ya miƙa hannu zai ajiye. Wani hannun ya fito daga sama ya make ta har inda nake zaune. Ni na tsinto na mayar musu.

Sau uku ana yi masa haka. Mai tsaronsa, wani ɗan birni mai wayon tsiya, ya gane da wuri, sai ya daina bin sa waje, ya koma ciki yana taya tare hanya. Abin da Ambo ya shekara shida yana gaya mini da kumfa a fuskata, ga shi ina kallo da idona. Ƙungiyar Arnel da mutum huɗu take kai hari, kuma su huɗun sun fara harararsa.

Sai ƙwallo ta same shi a kusurwa, bayan layi, ba kowa kusa da shi ko da taku huɗu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Cilla!"

Ya waiwayo. Ya yi mini murmushin nan. Ya girgiza kai, ya sa kafaɗa ya kutsa cikin ƙattai, suka haɗiye shi.

Ta sake samunsa a wurin. "Arnel, don girman Allah ka cilla!" Murmushin ya ƙara faɗi, wai shi ya gane yau Ninong ya zo da sabuwar murya. Iyayen da ke zaune kusa da ni suka fara matsawa gefe.

Da aka ba su hutun shan ruwa na gangara da gudu, na kama wuyan rigarsa na jawo kansa ƙasa.

"Me ya hana ka jefawa?"

"Haba Ninong, har a nan ma? Sau biyu fa, ban faɗa tarkon ba." Yana haki yana jin daɗin kansa.

"Ba tarko ba ne. Babu buhu a nan. Ka jefa."

"Haka ka ce ranar 'yan hayin kogi."

Gaskiyarsa. Na lalubi rantsuwar da ban riga na ɓata ba, na rasa. Da Allah, na taɓa yi. Da 'ya'yana, na taɓa yi, har da kakata. Daga ƙarshe na ce, "Na rantse da kabarin ubanka."

Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallona, ruwa na ɗiga daga gorar hannunsa.

"To duk shekarun nan fa, Ninong?"

Aka kira su kafin in samo amsa, kuma na ji daɗin kiran, Allah ya yafe mini.

Ta same shi karo na uku, a kusurwar dai. Ya ɗaga ta. Na ga hannun ya tashi har goshi, sai ya tsaya, kamar mai son taɓa tukunya yana tunanin ko da zafi. Tsayawar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a wannan ɗakin ta isa. Mai tsaronsa ya iso ya taɓa ta da ɗan yatsa, ta faɗi ko allon ba ta kai ba. Ba wanda ya sake miƙa masa ita har aka tashi.

Na ɗauka shi ke nan. Amma Sarmiento ya ga wani abu a ɗagawar nan, don da aka sallami sauran ya ce Arnel ya tsaya. Ni ma na matso, na jingina da bango.

"Tsaya bayan layi. Goma. Ba mai tsaronka."

Ta farko ba ta kai ba. Ta biyu ba ta kai ba. Ta uku ta daki ƙarfe. Gumi na zuba daga haɓarsa, yana jifa da kafaɗa kamar mai loda mota. Ta shida ta yi yawo a bakin kwando kafin ta yarda ta faɗa. Sai ta takwas. Ban san me ya saki a jikinsa ba, ta tashi a hankali tana juyi, ta shige ba ta taɓa komai ba. Ta tara ma haka. Ta goma ta kauce. Uku cikin goma.

Sarmiento ya karɓi ƙwallon ya riƙe ta a ƙugu.

"Hannun yana nan," in ji shi. "Irin wannan ba a koya wa mutum, da shi ake zuwa. Amma an ɗaure shi ya daɗe. Gurbi biyu gare ni, gasa kuma saura wata biyu, ba ni da lokacin kwance shi. Da shekararka sha biyar, da yau ba ka koma gida ba." Ya ninke takardarsa. "Wa ya horar da kai?"

Na manne bayana da bango har ina jin sanyin siminti ta cikin haruffan.

Arnel bai waiwayo ba. Shekara shida ko ruwa zai sha a fili sai ya kalle ni, amma ranar bai kalle ni ba.

"Ba kowa, yallaɓai. A filin shanya muka taso, kowa na yin abin da ya ga dama."

"Asara," in ji Sarmiento. Sai ya juyo gare ni. "Kai fa, baba?"

Ga dama ta samu in zama mutum ko da sau ɗaya. Na ce, "Direba ne ni. Rakiya na yi."

Ba ƙarya ba ce, amma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta kai ta wari ba. Matsalar ita ce ƙofa tana can ɗaya ƙarshen, kuma ba yadda zan kai ta ban juya baya ba. Na fara tafiya a kaikaice ina shafa bango kamar ƙaguwa. Taku biyar na yi, sai na ji an ɗora mini tawul a kafaɗa, babba, jiƙe da gumi, ya sauka har ƙuguna.

"Ka yi gumi, Ninong," in ji Arnel. "Mu je."

Muka hau mota, muka fita daga cunkoson birni. Ni da ba na iya minti biyar baki rufe, na zauna ina kallon gonaki. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoro kuma, don na san wadda ke jiranmu a bakin titi. Na shirya jawabai kala-kala a raina. Cewa 'yan birni son kai gare su, nasu kawai suke ɗauka. Cewa katako ba siminti ba ne, santsi ne ya cuce shi. Cewa akwai wasu kwalejojin, ko da yake ni da shi mun san an rufe gwaji sai baɗi, tukunyar Luming kuwa ba za ta jira baɗi ba. Na gaya muku ina da baki.

Arnel ya kwance ganyen ayaba, ya raba sauran shinkafar biyu, ya turo mini cinyar kazar. Ya ci nasa a hankali har ya gama, ya goge hannu a wando.

"Ninong."

"Na'am."

"In tambaye ka?"

"Tambayi."

"Da ka bar ni tun farko, da na iya?"

Ba da fushi ya yi ta ba. Da ma da fushi ne, da na san yadda zan yi, in hau shi da faɗa in ce ya zama marar kunya. So yake kawai ya sani, kuma duk duniya ba mai amsar sai ni. Jawaban nan suna jere a bakina, duk wanda na ɗauko zai karɓa, don bai taɓa ƙin karɓar abin da na ba shi ba.

"Da ka iya," na ce. "Da ka fi duk wanda ke ɗakin nan. Na sani tun kana sha biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya juya fuskarsa wajen taga, ya daɗe a haka, kafaɗunsa na ɗan motsi. Cinyar kazar na hannuna, na kasa ci, na kasa ajiyewa.

Rana ta yi sanyi muka sauka a mahaɗar ƙauyenmu. Tun daga nesa na hango Luming a ɗaya gefen titi, ta sa rigarta ta Lahadi, ta kare ido da hannu. Na gyara murya na ce ni zan yi mata bayani, haƙƙina ne.

"A'a," in ji shi. "Kai ka je gida, Ninong."

Ya karɓi jakarsa daga hannuna, ya tsallaka titi shi kaɗai. Ina tsaye na ga ta ɗaga kai tana duban fuskarsa, sannan hannun da ta kare ido da shi ya sauko a hankali.